Kan injin mota: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini kan wanki da dubawa

Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da zafin Makka ke haura digiri 45, da wuya sati ya wuce ba a jawo mana mota warsha, wato garejinmu, da magana iri ɗaya ba: "Mu'allim, ta tafasa a hanya, yanzu kuma tana shan ruwa." Yawancinsu 'yan'uwanmu ne Hausawa, direbobin gidaje da masu jigilar baƙi tsakanin Jidda da Makka da Madina. Tambayoyin nan na sha amsa su a tsaye da baƙin mai a hannu, shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da nake kira kan injin shi ne tof silinda a garejin Kano, Larabawan nan kuma su ce ras. Gaskit ɗin da ke tsakaninsa da bulok, wato gangar jikin injin, suna ce masa wajh, wurin masu injin askin ƙarfe kuma makhraɗa. Mai shiga sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya riƙe waɗannan ukun, za su yi masa amfani.

Wane aiki kan injin yake yi, har ake cewa taɓa shi babban aiki ne?

Murfi ne a kan silindoji, amma murfin da ke ɗauke da rabin aikin injin. A jikinsa bawul-bawul suke, na shigar iska da na fitar hayaƙi, a nan filogi ke zama, kuma a motocin yanzu kamshaf, sandar da ke buɗe bawul-bawul, ma a samansa yake kwance. Cikinsa duk hanyoyi ne, wasu na ruwa, wasu na baƙin mai. Gaskit kuwa mai rabon faɗa ne tsakanin abu uku da ba sa ga maciji da juna: wuta, ruwa da mai.

Kusan duk ƙananan motocin fetur na yanzu kansu na alminiyam ne. Ba shi da nauyi, yana saurin sakin zafi, sai dai idan ya ji wuta yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfen zubi ke buɗewa. Ga notuna sun danne shi ta ko'ina, ba shi da wurin zuwa, sai ya kantare. In zafin ya yi tsanani ƙarfen ma laushi yake yi, ya kasa riƙe ɗauri.

Mu'allim, yaya zan tabbatar daga kan ne kafin a kwance mini injin?

Da kowa yana yin wannan tambayar da kuɗin mutane da yawa sun tsira. Alamomin da aka saba gani su ne ruwan lagireto na raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba, farin hayaƙi mai kauri a salansa wanda ba ya ɗaukewa ko injin ya ɗumama, da baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. Wata motar da safe za ta tashi tana ɗingishi na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta daidaita, saboda ruwa ya kwana a silinda ɗaya. Ka tayar da injin mai sanyi, bayan minti ɗaya ka matsa babban tiyon lagireto. In ka ji shi ya yi tauri kamar tayar keke, hayaƙin konewa ne ke kutsawa cikin ruwa.

Sai dai alama ba hujja ba ce. Farin kumfa a murfin mai kaɗai yana iya zama raɓa, musamman a motar da ba ta zuwa ko'ina sai kai yara makaranta. Mai a cikin ruwa yana iya fitowa daga na'urar sanyaya mai da ta fashe, ko daga man giya a motocin da bututunsa ya bi ta cikin lagireto. Don haka kafin sifana ta taɓa noti nakan ɗora kwalbar gwaji mai shuɗin ruwa a bakin lagireto. In akwai hayaƙin konewa, shuɗin zai koma ruwan ɗorawa. Sannan in auna matsin kowace silinda, in biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, to gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Daga ƙarshe in ciro filogai in jera a tebur. Wanda ya fito fes kamar sabo a cikin 'yan'uwansa masu dauɗa, tururi ne ya wanke shi.

Sau ɗaya allura ta kai ja, na tsaya na ƙara ruwa ta sauka. Shi ke nan ta lalace?

Ba lallai ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne nisan da ka yi bayan allurar ta hau. Wanda ya kashe injin nan take sau da yawa yakan tsira da canjin tiyo ko murfi. Mai cewa bari in lallaɓa zuwa gidan mai na gaba, shi ne abokin cinikinmu.

Bara wani dattijo ya ɗauki baƙi daga Makka zuwa Ɗa'if ta hanyar Hada, mota cike, iyakwandishan a kunne, ga Ɗa'if ta haura mita 1,800 a saman teku. Allura ta hau a tsakiyar kwane-kwanen dutsen, ya ji nauyin tsayar da baƙi a rana, ya ci gaba. Can sai ya ga allurar ta sauko da kanta, har ya yi hamdala. Ashe ruwan ne ya ƙare ƙaf, abin da ke jin zafin ba ya cikin komai sai iska. Da muka ɗora ƙarfen awo a kan nasa ba mu ma nemi geji, abin auna rata, ba, hasken tocila na wucewa ta ƙasa.

'Yan'uwa direbobin gida, na san tsoron faɗa wa maigida ke sa mutum ya yi shiru ya riƙa ƙara ruwa kullum da asuba. Faɗan ranar farko ya fi sauƙi a kan na ranar da za a ce a sauke injin gaba ɗaya. Kuma kar a buɗe murfin lagireto da zafi, kar a sheƙa wa injin da ya tafasa ruwan sanyi. Na farko fuska yake ƙonawa, na biyu kai yake tsagawa.

Akwai wata ƙa'ida wajen sauke shi, ko kawai a kwance notuna?

Sai injin ya huce sarai, ni na fi son ya kwana. Ana sassauta notunan daga gefe zuwa tsakiya, a giciye, kaɗan-kaɗan cikin zagaye biyu ko uku. Wanda ya zare noti ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure, da hannunsa zai kantara kan da yake lafiya. Kafin nan a kawo fistin na ɗaya sama, a duba alamomin taimin, a ɗauki hotonsu da waya. In kan ya ƙi tashi kar a cusa sukudireba tsakanin fuskokin biyu. A sake dubawa, galibi akwai ƙaramin noti da ya ɓuya a wajen murfin sarƙa.

Sai jera kaya. Ka samu kwali ka huda masa ramuka daidai yawan bawul, 16 a yawancin injuna masu silinda huɗu, ka rubuta lamba, kowane bawul ya shiga raminsa. Murafan da ke danne kamshaf suna da lamba da kibiya, domin tare da kan aka huda su a masana'anta, ka musanya biyu kamshaf ya cije. Kar a kifa fuskar a kan siminti, a sa katako. Tsohon gaskit kuma kar a jefar, shi ne shaidar da za ta nuna inda wutar ta bi.

Da me ake wanke shi?

Kafin wanki a fara kallo. Baƙin layin kunkunniya da ya tsallaka daga silinda zuwa ramin ruwa, ko jan tsatsa a inda bai kamata ba, su ne ke ba da labari, kuma da zarar an wanke sun tafi. Yaran gareji suna da saurin hannu, kai na sauka sai cikin baho. Ni nakan ce a dakata in gani tukuna.

Bayan an cire bawul da sifirin da robobi, a jiƙa shi a kananzir ko dizal, ko ruwan zafi da maganin maiƙo wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cin alminiyam. A goge da buroshin roba ko na tagulla. Ragowar gaskit a fesa masa maganin da ke narkar da shi, a kankare da makankarin roba. Kunkunniyar da ta daskare a ɗakin konewa maganin wanke kafireta na sassauta ta, haƙuri kawai take so. Fetur ba na yarda a yi wanki da shi a warshata. A zafin nan tururinsa ke cika wuri, mai walda na maƙwabtaka, sai a wayi gari ana salati.

Inda aka fi yin sakaci shi ne hanyoyin mai. Sirara ne, wasu injunan ma akwai 'yar matata a hanyar man da ke sarrafa taimin. A bi su da siririn buroshi, a hura iskar kwamfuresa har sai ta fito ta ɗaya gefen. An gama a busar nan take, a shafa ɗan mai a mazaunin bawul da duk abin da yake ƙarfe, don laimar Jidda kafin gari ya waye ta sa masa tsatsa.

Abin da ba a kusanta shi ne soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, wadda kuma ke cikin maganin wanke tanda da na buɗe magudanar ruwa. Tana cin alminiyam, ta baƙanta shi, ta bar masa ƙananan ramuka, tana kuma fitar da iska mai kama wuta. Tsofaffin masu gidanmu da suka koyi aiki a kan manyan motoci masu kan baƙin ƙarfe da soda suke wanki, kuma daidai suke a zamaninsu. Wani yaro da ya zo mana da wannan karatun ya jiƙa kan wata mota a soda ya tafi gida. Da safe muka tarar da shi ya yi toka-toka, fuskar kamar ta mai zanzana. Ruwan asid, wanda a nan ake ce wa moya nar, shi ma haka.

Me ya sa kake hana faifan goga da ake ɗaurawa a dirila? Ai yana sauri.

Yana sauri ƙwarai, a minti biyar fuska ta yi ƙyalli. Amma alminiyam ya fi gaskit ɗin da ya manne masa laushi, faifan sai ya ci gefen ramuka ya bar kwari da tudu waɗanda ba a gani. Na biyu ya fi muni: yashin da ke zuba daga faifan, in aka goge fuskar bulok da shi, yana gangarawa ta ramukan mai zuwa ƙasa, ya je ya cinye metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kai. Bayan 'yan watanni injin ya buga, babu wanda zai tuna da dirila. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Samfefa a tafin hannu ita ma kwari take yi.

Na duba da idona, fuskar sumul take. Dole sai an auna?

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a kasuwar hatsi gaskiya ne. A nan ido bai san komai ba. Littafin injunan Toyota da yawa, irin na Camry da Corolla da suka cika titunan nan, iyakar kantarar da ya yarda da ita a fuskar da ke kallon bulok ita ce milimita 0.05. Takardar rubutu guda ɗaya kaurinta wajen 0.1 ne. Wato rabin kaurin takarda ya isa ya sa sabon gaskit ya saki. Wasu injunan suna ɗaukar har 0.1, kowa ya nemi lambar nasa.

Kayan aikin biyu ne: miƙaƙƙen ƙarfen awo na musamman, ba rular tela ko ma'aunin magini ba, da fila geji, waɗannan siraran ganyayyakin ƙarfen masu lamba. Ana ɗora ƙarfen a tsaye a kan fuskar da aka riga aka wanke tas, don ƙwayar datti ɗaya za ta ɗaga shi ta yi maka ƙarya. A gwada wuri shida: tsawo biyu, faɗi biyu, da giciye biyu daga kusurwa zuwa kusurwa; ni nakan ƙara tsakiya. A kowane wuri a yi ta ƙoƙarin zura ganyen 0.05 ta ƙasa, musamman tsakanin silinda ta biyu da ta uku inda zafi ya fi taruwa. In ya wuce ba tare da ya cije ba, an haura iyaka.

Abu uku ake mantawa. Fuskar bulok ita ma a auna ta, don na sha ganin an aske kai sau biyu alhali laifin na ƙasa. A bi da farce inda zoben gaskit ke zama, in farce ya maƙale a wani kwari, wurin ba zai riƙe wuta ba ko da awo ya yi daidai. Sannan a ɗora kamshaf a mazauninsa ba tare da bawul na tokare shi ba, a juya da hannu. In yana cijewa, kantarar ta kai har sama.

Tsagewa fa, yaya ake gano ta?

An fi samunta tsakanin mazaunin bawul biyu, ko daga mazauni zuwa ramin filogi, a injin dizal kuma kusa da bakin ƙaramin ɗakin konewa. Wata ana ganinta da fitila da madubin ƙara girma. Wadda ba a gani akwai gwangwanayen feshi uku: na wanki, sai jan rini da ake bari ya tsuma na 'yan mintuna a goge, sai fari a fesa a kai. Inda akwai tsaga jan zai tsattsafo kamar zare. Gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe na kan baƙin ƙarfe ne kawai, alminiyam ba ya jin maganaɗisu.

Tsagar da ke can cikin hanyar ruwa kuwa sai makhraɗa. Za su toshe ramukan, su cika shi da iska, su nutsa shi a ruwan zafi su jira kumfa. Zafin ruwan yana da muhimmanci, domin wata tsagar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya ɗumama. Duk motar da ta tafasa sosai, ba na ɗaura kanta sai na ga an yi wannan gwajin, ko mai ita zai yi fushi.

A sina'iyya an ce mini duk kan da aka sauke sai an aske shi. Haka ne?

A'a. In awo ya yi daidai, fuska ba ta da rami ko kwari, wanki ya isa. Aski nama yake ci, kuma naman ba ya dawowa. Duk abin da aka cire yana rage ɗakin konewa, matsi ya ƙaru, har motar da ke shan fetur 91 lafiya ta fara ƙara a hawa sai an koma 95. Yana kuma matso da kamshaf ƙasa, taimin ya ɗan goce, bawul ya matso kusa da fistin. Shi ya sa littafi ke ba da mafi ƙarancin kaurin da kai zai iya kaiwa, wasu kamfanonin ma cewa suke in ya kantare a canza shi.

In dole ne, a ce wa mai makhraɗa ya ci iya abin da zai share kantarar, ya kuma faɗi nawa ya ci. A gaya masa irin gaskit ɗin da za a sa, domin na zamani mai ganyen ƙarfe hawa-hawa yana son fuska mai santsi sosai, layukan aski masu kaushi sai su zame masa hanyar yoyo. Kan da kamshaf ke cijewa a cikinsa aski kaɗai ba ya yi masa magani, ƙasa za ta miƙe sama na nan a karkace. Sai an fara miƙar da shi a tanda. Bayan an dawo da shi daga makhraɗa a sake wankewa, garin ƙarfe na maƙalewa a hanyoyin mai.

Tunda an buɗe, sai an taɓa bawul?

Ka juya kan fuskarsa ta kalli sama, bawul na mazauninsu, ka mayar da filogai, ka cika ɗakunan konewa da kananzir, ka je ka sha shayi. In ka dawo ka leƙa ramukan shiga da fita, inda ka ga danshi wannan bawul ɗin ba ya zama. Ƙaramin yoyo niƙa da man goga yana gyara shi, har sai an ga zobe mai ruwan toka ya zagaye ba yankewa, faɗinsa milimita ɗaya da ɗan kai. Wanda ya ƙone ko bakinsa ya yi kaifi kamar wuƙa, a canza. A ɗaga kowane bawul kaɗan a girgiza, in yana wasa da yawa bututun da yake gudu a ciki ya cinye. Robobin bawul kuwa ba a shawara a kansu, sababbi ake sawa. Su ne ke sa mota ta yi shuɗin hayaƙi da safe, kuma shuɗin hayaƙi ba ya yi wa mutum daɗi ranar fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma.

In sayo na tashlih, inda ake kwance matattun motoci, ko in gyara nawa?

In naka kantara ce kaɗan, gyara shi, ka san tarihinsa. In tsaga ce ta kai hanyar ruwa, ko an taɓa aske shi har ya kai iyaka, to sai tashlih. Amma wanda za ka ɗauko a tashlih shi ma daga wata motar ya fito, ba ka san ko tafasa ce ta kai ta can ba. A daidaita lambar da ke jikinsa da ta naka, a yi sharaɗin mayarwa in ya faɗi gwaji, daga can kuma a wuce makhraɗa kai tsaye kafin warsha.

Tsofaffin notunan za su yi? Kuma in shafa wa gaskit gam?

Injuna da yawa na yanzu notunansu masu miƙewa ne: a ɗaure zuwa wata lamba da sifana mai awo, sannan a ƙara juyi da kusurwa, misali digiri 90. Irin waɗannan wasu littattafan cewa suke a canza, wasu a auna kaurinsu ko tsawonsu. In babu abin awo, saye ya fi. Ramukan notin a bulok a hure su su bushe, domin ruwa ko man da ya taru a ƙasan rami yana sa sifana ta yi ƙara alhali noti bai danne komai ba, wani lokacin har ya tsaga bulok. Ɗauri daga tsakiya zuwa gefe yake, mataki-mataki.

Gam kuwa a'a, gaskit a bushe ake sa shi, sai 'yan ɗigon da littafi ya nuna a mahaɗar murfin sarƙa. A duba rubutun da ke nuna sama da gaba, don in aka juya shi yana iya toshe ramin mai. Masu dizal su kula da hudoji ko tsagin da ke gefen gaskit, kauri suke nunawa, kuma ana zaɓensa ne da awon yadda fistin ya ɗara bulok.

An gyara mini wata ɗaya da ya wuce, ga shi ta sake tafasa. Bakaniken ne ya cuce ni?

Yana yiwuwa aikin ne bai yi ba, amma kafin ka ɗauki alhakinsa ka tambaya: me ya ƙona gaskit ɗin farko? Da wuya ya ƙone haka kawai. Akwai fankar da ta daina tashi, ko lagireton da ya toshe, ko famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, ko murfin da ba ya riƙe matsi. Murfin nan da ake rainawa, mai rubutun 0.9 ko 1.1, shi ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In ba a gyara tushen ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ruwan famfo tsura shi ma yana cikin masu laifi, ba shi da maganin tsatsa, a hankali yake cin alminiyam a gefen ramukan ruwa. A sa kulant, ruwan lagireto mai magani, irin wanda aka rubuta wa motar. Sai al'adar cire tamostat, abin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama, wanda a nan ake kira balf harara, wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. A yawancin motocin nan yana buɗewa ne tun wajen digiri 82, daga nan ba ya tare komai, kuma a injuna da yawa shi ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya shiga lagireto ba. In ya lalace a sa sabo.

Yaushe zan iya ɗaukar doguwar hanya bayan an ɗaura?

A fara canza baƙin mai da matatarsa, tunda tsohon ya sha ruwa. A fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa, a bar injin yana aiki a tsaye har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, hita kuma ta ba da zafi. Kwana uku na farko a yi ta zirga-zirgar cikin gari, kullum da safe kafin a tayar a duba ruwa. Raguwa kaɗan a rana ta farko iska ce ta fita. In rana ta uku ruwan na nan daidai inda ka sa masa alama a jikin gorar, ka ɗauki hanyar Madina. Hada kuwa bari sai ta yi sati.